Ciki ya cika, jiki yana jin yunwa



Mu mutanen fadama ne, kogin Haɗeja yana ba mu kifi da shinkafa. Amma sau da yawa mukan banda kifin mu kai kasuwar Haɗeja, yaranmu kuwa su kwana da tuwo da tsinkakkiyar miya.

Akwai sinadaran da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan, wato bitamin da ma'adanai. Yaron da ya rasa bitamin A yakan yi dundumi, da magariba sai laluben hanya, ƙyanda kuma ta fi yi masa illa. Maganin yana kusa da mu: zogale, kabewa, mangwaro da manja. In za mu shanya zogale, mu shanya shi a inuwa, domin rana tana rage amfaninsa. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 mu kai su asibiti a ɗiga musu bitamin A sau biyu a shekara.

Mace mai ciki da ke yawan jiri, tafin hannunta ya yi fari, jininta ne ya ragu. Tana bukatar sinadarin ƙarfe daga nama, wake da kifi, ta kuma sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Kada ta haɗa shayi da abinci, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen.

Ƙananan kifayen nan da muke rainawa, mu daka su har da ƙaya mu zuba a faten yara, suna ƙarfafa ƙashi.

Tun 1993 doka ta ce a riƙa sa aidin a gishirin Najeriya don hana maƙoƙo. Mu sayi na leda mai hatimi, mu ajiye shi a rufe, nesa da murhu.