Buhun Masarar Birnin Gwari: A Ina Ake Ƙulla Nagartar Kaya?



An nemi mu yi magana a kan yadda masu sana'a ke tsara aikinsu domin kayan da suke fitarwa su zama masu nagarta. Da jin wannan, hankalin yawancinmu zai tafi ga manyan masana'antu na Ikko ko na Turai. To, amma mu 'ya'yan manoma ne, saboda haka muka ga ya fi kyautuwa mu ɗauki abin da kowa ya sani, watau buhun masara da ke fitowa daga ƙasar Birnin Gwari.

Duk wanda ya san yammacin Jihar Kaduna ya san Allah ya hore wa Birnin Gwari ƙasar noma da ruwan sama da daji. A nan dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, kana aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Mun kuma san irin uƙubar da 'yan bindiga suka gana wa mutanen wannan yanki daga cikin dazuzzukan nan, har gonaki suka zama kufai, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar kara ta garin, wadda ta yi shekaru a rufe. Buɗe kasuwa aikin gwamnati ne, amma mai saye ba zai dawo karo na biyu ba sai in abin da ya saya da farko ya gamshe shi.

Bari mu bi buhun nan tun daga gona. Matakin farko shi ne karyar masara a kan kari. A shekarun tashin hankali mun ga manoman da tsoro ya sa suka karya masara tun ba ta ƙosa ba, mun kuma ga waɗanda suka bar tasu a gona har ruwa ya buge ta, ƙwari suka shige ta. Mataki na biyu shi ne shanya. Masana aikin gona sun ce bai kamata a ɗure masara a buhu ba sai laimar da ke cikin ƙwayarta ta sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya zuba ƙwayoyin cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, to da sauran shanya. Haka kuma akwai bambanci tsakanin shanya a kan tamfol da shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, inda tsakuwa da ƙura da kashin awaki ke shiga.

Kada a ɗauka maganar laima maganar kyan gani ce kawai. Masara ko gyaɗa mai laima tana yin fumfuna, fumfunar kuwa tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ba ta kuma mutuwa da dafuwa. An gano ta ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Abin da ya kashe talotalon Ingila shi ne yake iya shiga tuwon da muke ba ƙannenmu.

Mataki na uku shi ne ajiya, a nan ne kuwa muka taɓa shan kunya a idon duniya. A shekarar 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya cikin ƙasashenta, domin an sami maganin ƙwari irin wanda muke kira fiya-fiya ya wuce kima a jikinsa. Ba dukan 'yan kasuwa ne suka yi wannan ɗanyen aiki ba, amma hukuncin ya hau kan kowa, wake ɗaya ya ɓata gari. Alhali kuwa akwai mafita. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ciki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure bakin kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba.

Mataki na huɗu shi ne awo da gaskiya a kasuwa. Wa ya manta da tiya mai lotsattsen gindi, ko buhun da aka sa mai kyau a baki aka cusa ruɓaɓɓe a tsakiya? Mai algus yana ganin ya ci riba ran nan, bai san sunan garinsu ya sayar ba. Manyan masu saye, irin injin abincin kaji da kamfanin Olam ya buɗe a ƙaramar hukumar Chikun a 2017, suna gwada hatsi kafin su karɓa. Motar da aka mayar daga bakin ƙofa, hasararta tana kan ɗan sari, shi kuwa zai huce a kan manomi ta hanyar karya farashi a kasuwa ta gaba.

'Yan'uwa, abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya cikin waɗannan kurakurai da za a iya gyarawa a ranar kasuwa. Wannan shi ne darasin da wani Ba'amurke, Edwards Deming, ya koyar da masu masana'antun Japan tun daga 1950: a gina nagarta cikin kowane mataki na aiki, kada a jira sai an gama sa'an nan a zo ana tsintar na banza. A masana'antar motocin Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsai da aiki in ya ga kuskure. Kakanninmu sun riga sun faɗi haka da suka ce tun ran gini tun ran zane.

Mu ma ba baƙin wannan tsari ba ne. Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin da ake kai auduga fuloti, malamin duba ya tantance ta lamba ɗaya ko lamba biyu, kowace da kuɗinta. Manomi ya san in ya tsince audugarsa tsaf zai sami ƙari. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, wannan tantancewa ta yi rauni. Ba muna cewa a komo da hukumomin ba ne, domin su ma sun danne wa manomi farashi. Abin da muke cewa shi ne, muddin mai busasshiyar masara da mai jiƙaƙƙiya kuɗi ɗaya za a ba su, to ba wanda zai wahalar da kansa da shanya.

Saboda haka muna da shawarwari uku. Na ɗaya, ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi su tanadi sikeli da na'urar awon laima a kasuwa, a rarraba hatsi lamba lamba, kowace da farashinta. Na biyu, manoma su haɗa kai su sayi tamfol da buhunan ajiya, su riƙa sa alamar ƙungiyarsu a jikin buhu, yadda in an sami aibu za a san inda ya fito, in an sami mai kyau a san inda za a koma. Na uku ya shafe mu kai tsaye. Gobe wasunmu ne malaman gona, wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma, wasu na hukumar NAFDAC. Ranar da aka miƙo mana goro domin mu kau da kai daga gurɓataccen buhu, mu tuna ba mu san tukunyar gidan da zai shiga ba.

Kafin wannan rana, ga hutu nan tafe. Kowannenmu ya tafi gida da kwalba da gishiri, ya zauna da tsofaffinsa a bakin rumbu su gwada. Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a nomanmu.