Kafin Ku Biya Kuɗin Kwamfutar Tokumbo

Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Ikko, an ce mu ɗan yi bayani kan sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. To, ga abin da ya same mu.

A farkon 2021 muka shiga Computer Village da ke Ikeja muka sayo tokumbo guda don lissafin shago. Windows 10 ce a cikinta, tana aiki sumul, muna ta murna mun samu araha. A watan Oktoban shekarar sai Windows 11 ta fito, kyauta ga mai Windows 10, amma fa sai injin da ya cika sharaɗi. Tamu ta ƙi karɓa. Yaron da ya duba ya ce in Intel ce ana son zubi na 8 zuwa sama, da wani abin tsaro wai shi TPM 2.0. Tamu zubi na 6 ce. Ba mu ga laifin mai shago ba, mu ne ba mu tambaya ba.

Muka ci gaba da lallaɓawa har 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina turo wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba. Ta nan fa muke shiga asusun banki, jama'a!

Saboda haka in za ku saya wa shago ko yara 'yan makaranta, ku sa a kunna ta a gabanku, a nuna muku zubinta, a rubuta a rasit cewa tana ɗaukar Windows 11. In mai kaya ya fara kame-kame, ku ƙara gaba. Wassalam.