A Juya Wasan Kara Ya Dubi Gaba

Mai girma farefe, sarakunanmu iyayen ƙasa, malamai abokan aiki, jama'ar Gure. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Mutumin Gure ba ya bukatar a gaya masa halin da kwarurukanmu suke ciki. Duk wanda ya bi hanyar Kelle ko ta Gidigir ya ga inda rairayi ya kai, ya ga shingen kalimbo da ake kafawa a kan tuddai don a tsayar da shi. Ƙidayar 2012 ma kun san ta: a lokacin, a ƙasa baki ɗaya mun haura miliyan 17, muna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato kusan duk shekara 18 sai mu ninka. Tambayata ita ce, wa ya taɓa tara manomi da makiyayi da mai haƙar kanwa, ya ce su gwada zaman Gure na 2050 da jikinsu tun bai iso ba?

Abin da ake yi ba ɓoyayye ba ne. Furoje ya zo da motarsa, a kira taron bita, a raba kuɗin zama, a rubuta tsarin raya gari da Faransanci, a kulle a kabad. In an tuna da talakawa sai a ɗauko ƴan wasa su yi faɗakarwa. Ƙarshen wasan tun daga Yamai aka rubuto shi: baƙauye ya sare itace, ma'aikaci ya yi masa wa'azi, baƙauye ya tuba, a tafa, a watse. Na daɗe ina sa-in-sa da abokan aikina a kan wannan, kuma har yau ina kan bakana. Wasan da aka san ƙarshensa tun ba a fara ba, umarni ne aka sa wa riga.

Alhali muna da abin da ya fi shi a nan Damagaram. Wasan kara nake nufi. Bayan an kai amfanin gona gida, samari kan naɗa gwamnati tasu sukutum, tun daga shugaba har dogari. A nemo wanda ya iya tafiyar babban mutum da muryarsa, a sa masa tufafi irin nasa. Kayan mulkin kuwa duk na kara ne. Yaro zai zauna da wuƙa ya fere ɓawon kara siri-siri, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soke wannan cikin wancan, sai ga tabarau, sai ga bindiga, sai ga na'urar ɗaukar hoto har da ƙafafunta. Mai riƙe da ita ya durƙusa gaban shugaban wasa yana ɗauka da gaske, shugaban kuma ya gyara tsayuwa da gaske. Marigayi Inoussa Ousseini, ɗan Damagaram, ya ɗauki wannan a fim ɗinsa mai suna Wasan Kara a 1980.

Ku lura da abin da ke faruwa a wurin. Babu dandamali, babu takardar da aka haddace. Gari ne filin wasan, kuma wanda ya zo kallo, da zarar ya faɗi gaisuwa gaban shugaban kara, ya shiga ciki. Saurayin da bai taɓa taka ofis ba, ranar nan shi ake kawo wa ƙara, dole ya yanke hukunci a gaban mutanen da suka san ubansa. Nan yake gane nauyin kujera, jama'a kuma su ga yadda mulki yake in an tuɓe masa kwarjini. Wannan makaranta ce, ko da ba ta da allo. Gurguncinta ɗaya: yau kawai take kwaikwaya. Ni kuwa cewa nake a juya ta ta dubi gobe.

Ba mu kaɗai muka san amfanin haka ba. Augusto Boal na Barazil ya shahara ne don ya tsayar da wasa a tsakiya, ya kira ɗan kallo ya karɓi matsayin wanda aka zalunta. A garin Hobro na Danmak akwai makarantar kwana da ke koyar da darussa ta hanyar shiga rigar wani. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun kai wasa ƙauyukan Soba da Maska tun wajen ƙarshen shekarun 1970. A gida, zamanin samariyar Seyni Kountché, su Yazi Dogo sun nuna cewa ana iya gina wasa cikakke da Hausa ba tare da an rubuta shi ba, ko da yake saƙon sau da yawa daga sama yake saukowa.

Ga abin da nake nema. A ware kwana biyu bayan girbi, a ce shekara 2050 ce. A zaunar da kwamitin filaye irin wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, amma a musanya riguna: Bamange mai lambun dabino ya zama makiyayin da ya gangaro daga Teskar da raƙuma tun kaka ba ta ƙare ba, Bafulatani ya zama mai lambu, mace ta riƙe kujerar shugaba. A sanar da su cewa rijiyar kwari ta yi gishiri, mutanen gari sun ninka, samarin da suka tafi Libiya sun dawo suna neman gona. Kada a gaya musu mafita. Kowa ya yi magana da harshensa. Ma'aikatan gandun daji da na noma su zauna a gefe da alƙalami, abin da aka sasanta a kai da abin da ya gagara duka su shiga tsarin raya gari.

Za a ce wasan yara ne. To, takardun manya da ke kabad, rairayi nawa suka tsayar? Za a ce gaibu sai Allah. Haka ne, ba duba za mu yi ba. Wanda ya gina rumbu ma bai san daminar baɗi ba. Masu tsoron kada rikici ya tashi kuwa, gara a yi cacar bakin da bindigar kara da a yi ta a bakin rijiya.

Kuɗin taron bita guda ya ishi wannan aiki har da saura. Mai girma farefe, iyayen ƙasa, ku ba mu fili da izini a kakar bana. Samari, ku tanadi kara.