Jawabin da kwamitin lafiya ya yi a taron ƙungiya kan wutar gas a cikin ɗaki

 

Sanyi ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu kowa yana rufe ƙofa da taga, har da tsumma a ƙasan ƙyaure. Tun da matatar mai ta Zinder ta fara aiki a 2011 kwalbar gas ta yawaita a gidajenmu, mai kilo 6 da babbar. Mun yi murna da haka, don itace ya yi tsada, daji kuma ya gaji. Amma mun ga wasu suna shigar da murhun gas cikin ɗakin kwana don jin ɗumi, wasu kuma masu hali sun kafa injin ɗuma ruwa a makewayi. Abin da ya tara mu ke nan.

Wuta ba ta ci sai da iska. Mudu ɗaya na gas yana buƙatar iska kamar mudu 30 kafin ya ƙone sarai. In ya samu, harshen wutar shuɗi ne. In bai samu ba, sai ku ga wutar ta koma ɗorawa, gindin tukunya yana baƙi. A wannan lokaci ne take fitar da gubar da likitoci ke kira monoksid na karbon. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Warin da kuke ji in gas ya zuba, da gangan aka zuba shi a cikin kwalba don faɗakarwa. Ita gubar babu mai sa mata wari. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, shi ya sa mai barci ke wucewa bai ko juya ba.

Wani zai ce kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki shekara da shekaru. Gaskiya ne. Amma ɗakinsu na ciyawa ne, iska na shiga ta ko'ina, hayaƙi na fita ta jinka. Mu yanzu mun gina na siminti, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe. Ɗaki ya yi kyau, amma ba ya numfashi. Kaskon gawayi ma a irin wannan ɗaki gubar nan yake fitarwa, ko da hayaƙinsa ya ƙare. Iyayenmu mata, ku tuna da wannan in za a sa wa mai jego wuta.

To, yaya za a yi? Wurin da gas ke ci ya kasance da kafa biyu a buɗe, ɗaya ƙasa kusa da daɓe, ɗaya sama kusa da rufi. Ta ƙasa tana shigo da iska, kuma in gas ya zuba ta nan zai fita, don ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ta sama tana fitar da abin da ya ƙone. Kada a toshe su don sanyi ko ƙura. A sa raga in ana tsoron ɓera. Murhun girki kuwa ba na jin ɗumi ba ne, kuma kada a kwana da shi a kunne.

Injin ɗuma ruwa shi ne ya fi ba mu tsoro, don makewayi ƙarami ne kuma mai wanka yana kulle kansa. A kafa shi waje, ƙarƙashin rumfa. In yana cikin gini, dole ya sami bututun ƙarfe mai kai hayaƙi waje. Faɗin bututun kada ya gaza na bakin injin. Ya riƙa hawa sama, kada ya sunkuya ko'ina, ya wuce rufi, a sa masa hula. Kowace shekara a leƙa cikinsa, domin zanzaro na gini a ciki, tsuntsu na sheƙa, ƙurar hunturu na taruwa. Ga gwaji mai sauƙi: in injin ya yi ƴan mintoci yana ci, ku kara madubi kusa da inda bututun ya haɗu da shi. In madubin ya yi gumi, hayaƙi na dawowa ɗaki. A kashe, a kira wanda ya san aikin. Tiyo kuma a gwada shi da kumfar sabulu, ba da ashana ba.

Saura alamomi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutuwar jiki. Za a ce masassara ce, amma jiki bai yi zafi ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu tare, suka ji sauƙi da suka fita waje, kada a ce iskoki ne ko sammu. A buɗe ƙofa da taga, a kashe wuta, a fitar da kowa. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa, madara ba ta karya wannan guba. A kai shi likita nan take ko da ya farfaɗo, musamman mace mai ciki da jariri, a kuma faɗa wa ma'aikatan cewa da wuta aka kwana. A birni lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Bayan sallar Juma'a mai zuwa za mu zaga gida-gida da madubi da ruwan sabulu. Mai son a duba masa ya ba magatakarda sunansa kafin mu tashi.