Haƙƙin Garin da Ya Ba Ɗalibi Ruwa

 

Yau da ƴaƴanmu ɗaliban jami'a muke magana, iyaye kuma su kasa kunne. A da, mai neman karatu mai zurfi sai ya nufi Yamai. Daga shekarar 2010 aka samu jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Karatu ya matso kusa da gona da rijiya, to amma ɗalibi ya matso kuwa?

Ga abin da muke gani. Idan ɗalibi zai rubuta kundin kammala karatu, sai ya sauka wani ƙauye da takardar tambayoyi. Mai gari ya ba shi masauki, mata su dama masa fura, tsoho ya bar aikinsa ya zauna yana amsawa: damin hatsi nawa ka samu bana, yara nawa zazzaɓi ya kwantar, gaba nawa ne zurfin rijiyarku. Ɗalibi ya koma, ya rubuta da Faransanci, ya samu shaidarsa, a ajiye kundin ƙura ta rufe shi. Mutanen garin ba za su ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ya ku ƴaƴanmu, wannan bashi ne. An yi mana kashedi mai tsanani a kan ɓoye ilimi, balle ilimin da aka ɗebo daga bakin masu shi.

Kada kuma ku je da girman kai. Ku dubi sassaben zamani a ƙasar Maraɗi. Tun wajajen 1983 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona, suna rage rassa suna renon masu ƙarfi, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itace. Manomi ya san gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma taki ne. Ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi kansa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne da ya sa ƙarfinsa a kan amfani da hasken rana, wato abin da talakan ƙasarmu yake da shi a yalwace.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. Hutun Sallah yana tafe. Wanda ya taɓa bincike a wani gari ya koma can, ya nemi izinin liman, bayan sallar la'asar ya faɗa wa jama'a da harshensu abin da ya gano. Idan ruwan rijiyar ya gurɓata ya faɗa, ko da maganar ba ta da daɗi. Ƴan uwa mata ɗalibai su shiga cikin gidaje, domin a can yawancin masu amsa tambayoyin suke. Limamai kuma, mu ba su wuri.