Kafin Ka Ɗauki Bulala, Tambayi Lafiyar Uwarsa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa, ma'aikacin lafiya, ya gabatar ga matasa magidanta a garin 'Yankara, ƙaramar hukumar Faskari.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), ya fara da cewa sau da yawa magidanci kan zo da yaron da aka yaye yana ƙorafi: ya cika rigima, ga ƙiwa, ga firgita cikin dare. Wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce halin dangin uwa ya kwaso. Ya ce shi tambayarsa ta farko ita ce, "Yaya lafiyar uwarsa?"

Ya yi bayanin cewa a kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, ƙwaƙwalwa ke ginuwa da sauri. Idan mai ciki ta yi fama da ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro, takan haifi ɗa ɗan firit. Shi kuma yaron da jininsa ya yi ƙasa yakan zama mai saurin fushi, ko ya yi laƙwas ba ya wasa. Ya tunatar cewa a 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar.

Daga nan ya juya ga matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Ya ce matar da ta kwana cikin gona da goyo a baya saboda jin ƙarar babura, jikinta na iya warwarewa amma zuciyarta da saura. Damuwar bayan haihuwa ciwo ce mai magani, bai kamata a kira ta miskilanci ba. Uwar da ta yi jugum ba ta iya yi wa ɗanta wasa da hira, shi kuwa a fuskarta yake gane ko lafiya. Haka nan yaron da ya saba ganin ana zagin uwarsa ko dukanta, shi ne ke cizo da duka a cikin yara.

Ya ce, "'Yan uwa, mun iya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai mu ɗauko bulala. To, wa ya ba iccen ruwa?"

Ya ja hankali ga aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Don haka ya yi kira ga kowa ya bar matarsa ta je awo, ya tabbatar tana kwana cikin gidan sauro, a ba jariri nono zalla har wata 6. Kuɗin shayi da tsiren majalisa, in ji shi, sun isa a sayi ƙwai da wake. Kuma uba ya riƙa ɗaukar ɗansa don uwar ta samu ta runtsa.

Ya rufe da addu'ar Allah ya dawo da zaman lafiya yankin, ya shirya zuriya.