Dalilin Da Ya Sa Likita Ke Neman Hoto Bayan Hoto



Maganata yau a kan ciwon dajin hanta ce na ƙananan yara, wanda ya fi kama waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ba shi da yawa, amma a ɓoye yake shigowa. Cikin yaro ya yi ta girma, a taɓa gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari a ji tauri, yaro kuwa sai ramewa. Mu kuma sai mu ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga. Kafin a farga wata biyu sun wuce.

In an kai shi asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, akan fara da sikanin da gwajin jini mai suna AFP. Daga nan a ce a yi hoton CT ko MRI. A nan ne iyaye kan ja tsaki, wai ba an riga an yi hoto ba? To ku saurara.

Sikanin yakan nuna akwai ƙari. Amma mai fiɗa yana son sanin ina ya tsaya. Likitoci sun kasa hanta kashi 4, bisa wani tsari da ake kira PRETEXT. In kashi 3 a jere lafiya lau suke, mataki na ɗaya ke nan. In 2 ne a jere, na biyu. In ba a sami 2 a jere ba amma da saura, na uku. In duka huɗun sun kamu, na huɗu, wanda sau da yawa sai dashen hanta. Ana kuma duba ko ƙarin ya taɓa manyan jijiyoyin jini, sannan a ɗauki hoton ƙirji, domin huhu ne inda ya fi yin ƙaura.

Yaro ba ya kwanciya shiru, shi ya sa akan ba shi maganin barci. In an ce kada ya ci komai kafin hoto, don Allah Hajiya, ko koko kada a ba shi a ɓoye.

Yawanci akan fara da ƙarin ruwan maganin daji don ƙarin ya motse, sannan a sake hoto kafin fiɗa. Da na farkon za a gwada na biyun, saboda haka ku adana kowane hoto da takardarsa a leda guda, ku riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.